Ranar da Na Ɗaga Alluna Shida a Ƙofar Jalwasa

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya shimfiɗa ƙasa ba da turke ba, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin dutse domin mai haƙuri ya tono. Ku matso ku gyara zama, ku ji labarin tafiyata zuwa ƙasar Gurmusa, inda ruwa ke tafiya a bisa kawunan mutane, da yadda na kusa kashe matata da ƙishirwa saboda na aika mata ruwa ya yi yawa.

Sunana Anaruwa ɗan Korau, mai haƙar rijiya daga Tudun Marke. Ni mutum ne mai zargi, kuma ba na jin kunyar faɗa, don sana'a ce ta koya mini. Duk wanda ya taɓa shiga rami gaba ashirin ya san ransa yana hannun mai riƙe da igiya. Wata rana ina can ƙasa, abokin aikina ya ji kiɗan biki, ya ɗaure igiyar a wani ɗan kututture ya tafi kallo. Na yini ina kiran sunansa har muryata ta dishe. Tun daga ranar babu mai riƙe mini igiya sai matata Tabawa. Ita kuwa Allah ya yi ta da faɗin zuciya har abin ya yi yawa, ko ɓarawo ne ya yi mata sallama sai ta tambaye shi ko ya ci abinci.

A wata shekara rijiyoyin garinmu suka juye zartsi ɗaya bayan ɗaya. Na haƙa sababbi goma sha ɗaya, duk ruwansu ko akuya ba ta kallonsa. Ana cikin haka wani madugu ya yi zango a garinmu, ya ce a bayan hamada akwai mutanen da ba sa haƙa rijiya sam, suna ɗauko ruwa daga kan dutse su ɗora shi a kan ƙafafun gini ya yi tafiyar kwana uku. Ya ce abin da ruwan ke bi, wanda mu za mu kira magudana, su jalwasa suke ce masa. Na tambaye shi ma'anar kalmar, ya ce shi gishiri yake sayarwa, ba harshe ba. Ban yarda da ko kalma ɗaya a maganarsa ba, amma ƙishirwa ba ta bar mini zaɓi ba. Na ɗaura salka, Tabawa ta ɗaura guzuri, muka kama hanya.

Bayan kwana ashirin da biyu a cikin rairayi, salkunanmu sun bushe ƙaf, muka gangara wani kwari mai dabino da tafki shuɗi a tsakiya. Mutanen wurin suka taso da murmushi, kowa riƙe da ƙwarya cike da ruwa. Tabawa har ta miƙa hannu, na dafe ta. Na lura babu sawun dabba ko ɗaya a bakin tafkin, babu tsuntsu, ko ƙuda ba ya sauka. Can a inuwa kuma ga wasu baƙi kamarmu zaune suna saƙa tabarma, idanunsu a buɗe amma babu kowa a ciki. Na tambayi ɗaya daga cikinsu daga ina ya zo, ya yi mini murmushi ya ce bai sani ba.

Sai na ce wa masu masaukin, a garinmu baƙo ba ya sha ana kallon bakinsa. Na warware rawanina na rufe mu, muka juye ruwan a salka, muka fito muna lasar leɓe. Babbansu ya ce, "Baƙo, yaya sunanka?" Na sake baki na ce, "Wane baƙo?" Suka yi dariya, suka miƙo mana kaba, suka tafi hutun rana ba tare da sun sa mana mai tsaro ba. Muka sulale ta bayan dabino. Ruwan nan ma bai tafi a banza ba, domin a mashigar dutsen da ke gaba mun tarar da wani damo mai tsawon raƙumi uku kwance ya tare hanya, bakinsa a wangame. Na tsiyaye masa salkar a wani kwarmin dutse. Ya lashe, ya dube mu, ya manta abin da ake yi da mutane, muka wuce ta gefen wutsiyarsa.

Daga nan kaina ya kumbura. Kowane zango sai na tuna wa Tabawa cewa da ba don zargina ba, da yanzu tana can tana saƙa tabarma. Ta ce, "Na ji, Maigida. Allah ya ƙara basira, ya rage baki."

Kwana biyu bayan haka muka ga abin da madugu ya faɗa, na kuwa ji haushi da ya zama gaskiya ya faɗa. Ginshiƙan dutse ne a jere, kowanne ya fi rimi tsawo, sun miƙe daga gindin wani baƙin dutse har inda ido ya gaza. A samansu ruwa na tafiya yana ƙara, ɗigonsa na sauka a kan matafiya. Garuruwa bakwai ne a jikinsa, kowanne da ƙaramar ƙofar da yake ɗibar rabonsa. Harshen mutanen bai yi nisa da na fatake ba, don haka muka fahimci juna. Na shiga tambayar ma'anar jalwasa, domin a ganina wanda ya san dalilin sunan abu ya kusa sanin sirrinsa. Wata mai kiwon awaki ta ce mace ce aka yi a zamanin da. Wani maginin tukwane ya ce shi dai a bakin kakarsa ya ji kalmar tana tafiya tare da mara, wato ƙoƙon kwasar tuwo. Na uku ya dube ni, ya dubi Tabawa, ya ce in na daɗe zan sani. Na ce a raina, to, waɗannan sun haɗa baki, akwai abin da suke ɓoyewa.

Aka kai mu kan dutsen, wurin wata tsohuwa mai suna Damsaka, wadda ita ce shugabar masu tsaron ruwa. Ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta yi magana ƙattin maza sai su sunkuyar da kai. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce, "Ɗana, mu ba ma koyar da wannan aiki da baki. Za ka riƙe babbar ƙofa kwana arba'in. Matarka kuma za ta sauka unguwar ƙarshe, inda ruwan ke ƙarewa, ta zauna a gidan da ke ƙarshen layi. A unguwar nan ba a ajiye ruwan da ya wuce na yini guda, kuma gidan mai babbar ƙofa ba ya sha sai kowa ya sha."

Na ce, "Iya, a garinmu wannan garkuwa da mutum ake ce masa."

Ta ce, "Kira shi yadda ka so. Hanyar da ka biyo tana nan ba ta rufe ba."

Na ja Tabawa gefe na ce mu tafi, tarko ne. Ta ce, "Mu tafi mu ce wa mutanen Tudun Marke me? Mun ga ruwa mun ji tsoro? Kai ne a ƙofa, Maigida. In kai ke saki, me zai hana ni sha?" Ta ɗauki ƙunshinta ta bi 'yan rakiya. Na tsaya ina kallon bayanta har ginshiƙai suka ɓoye ta.

Ƙofar wani tsagi ne a jikin dutse, an toshe shi da alluna tara na baƙin katako, ɗaya a kan ɗaya, ana ɗaga su da wani mabuɗin ƙarfe mai tsawon hannu. Damsaka ta rataya mini mabuɗin a wuya. Ta ce alluna uku ake ɗagawa, ba a taɓa na huɗu, kuma ba a barin ƙofa babu mutum ko na ƙiftawar ido. Kowace rana idan randar matata ta cika, za ta tada farin hayaƙi, garuruwan nan bakwai su karɓa daga hasumiya zuwa hasumiya har ya iso gare ni kafin la'asar. "In ba ka ga hayaƙi ba," in ji ta, "kada ka taɓa allo. Ka aika a tambayo, ka jira." Na amsa da to, amma a zuciyata na ajiye maganar a gefe.

Wanda ke kawo mini abinci wani mai lambu ne daga gari na farko, sunansa Kirfo, mutum mai tumbi da fara'a. Kullum sai ya zo da kyauta, yau kankana, gobe albasa mai girman kan jariri. Tun ranar farko na sa masa ido. Ni na san ƙasa, na san ruwa, kuma na san albasa ba ta kai haka da rabon gaskiya. Garinsu ne farkon sha, matata ce ƙarshe, tsakaninsu akwai ƙofofi bakwai da hannaye bakwai da ban taɓa gani ba. Duk abincin da ya kawo sai na fara jefa wa hankaka ya ci. Duk sanda ya matso kusa da allunan, sai na sake ƙirga su bayan ya tafi. Shi kuwa ko a jikinsa, dariya kawai yake yi yana cewa, "Malam Anaruwa, hankakan nan zai riga ka ƙiba."

Kwana goma sha takwas hayaƙi yana tashi. A na sha tara, azahar ta wuce, la'asar ta yi, sama fes babu komai. Na hau kan dutse na duba har idona ya yi ruwa. Damsaka ta sauka gari na uku tun da safe, babu kowa a wurin sai Kirfo da kwandonsa. Ya ce in kwantar da hankali, zai aika a tambayo daga hasumiya zuwa hasumiya, amsa za ta zo gobe. Na shaƙe masa wuyan riga na ce, "Gobe? Kun sace ruwan matata kun zuba wa albasa, sannan ka ce in jira gobe?" Ya rantse, na ture shi ya faɗi a kan kwandon.

Lissafin da na yi ya yi mini daidai a lokacin. In ɓarayi bakwai suna cinye ruwan alluna uku, to in saki abin da ya fi ƙarfin cikinsu, dole saura ya kai ga Tabawa. Na sa mabuɗi na ɗaga na huɗu. Kirfo ya yi ihu ya riƙe mini ƙafa, na shure shi. Na ɗaga na biyar, na ɗaga na shida. Ruwa ya fita da rugugi, ya cika magudanar har yana tsallake gefe, ni kuwa na tsaya ina jin daɗin wayona.

Washegari da hantsi hayaƙi ya taso, amma baƙi ne wuluk. Kirfo, wanda ya ƙi tafiya duk da abin da na yi masa, ya dafe kai. Ya ce baƙin hayaƙi sau shida ma'anarsa jalwasa ta karye a bayan gari na shida. Ginshiƙan an gina su ne don nauyin alluna uku, ba su san wayona ba. Yanzu ko ɗigo ba zai wuce zuwa gari na bakwai da unguwar ƙarshe ba, inda ba a ajiye ruwan gobe, inda rana ke fasa dutse. Na ruga bakin ƙofa. Na mayar da alluna ukun da na ƙara.

Dole in tafi, kuma ba a barin ƙofa babu mutum. Na duba gabas na duba yamma, babu kowa sai mutumin da na kira ɓarawo, leɓensa a fashe da shurin da na yi masa. Na cire mabuɗin daga wuyana na miƙa masa. Ya karɓa, ya tura mini gorarsa, ya nuna mini hanya da haɓa.

Tafiyar kwana uku na yi ta a kwana biyu. Duk garin da na shiga ina jiran a jefe ni, amma babu ma wanda zai jefa, gidaje a buɗe, kasuwa ba kowa. Na ce lallai sun taru a gaba suna jirana. Da na iso bayan gari na shida na ga ɓarnar: ginshiƙai huɗu a kwance, laka ta cinye gonaki. A gefen ɓarnar kuma na ga layin mutane, maza da mata da tsofaffi, kafaɗa da kafaɗa, ya miƙe har ƙarshen gani. Tulu ke tafiya daga hannu zuwa hannu, cikakke yana gangarawa, wofi yana dawowa. Mutanen garuruwan nan bakwai ne, waɗanda na kwana goma sha tara ina zagi a zuciyata.

A cikin layin na hango Damsaka, tulu ya kusa fin ta girma. Na zube a gabanta. Ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Tashi ka karɓi wannan, hannuna ya gaji." Na shiga wurinta ina miƙawa. Na ce, "Iya, me ya sa suke wannan wahala? Ai yawancinsu ruwansu bai yanke ba." Ta ce, "Kai ka ɗauka matarka kaɗai ce a can? Duk mai riƙe da ƙofa a garuruwan nan, iyalinsa suna unguwar ƙarshe. Ƙanen Kirfo ne ke tsaron ƙofar garinsu, uwarsu tana gida na uku daga na matarka. Albasarsa kuwa kashin jemage yake zuba mata, kowa ya sani sai kai da ba ka tambaya ba."

Ina miƙa tulu tana magana, a nan na sami abin da na ƙetare hamada ina nema. Ta ce a tsohon harshensu, jalwasa ita ce matar da ke kwashe tuwo a babban gida. Ita ke riƙe da mara, ita ke cika kwanon kowa, kuma ba ta ci sai abin da ya rage a gindin tukunya. Lokacin da kakanninsu suka gina magudanar farko, sarakunan kan dutse ne ke riƙe da ƙofa, su sha su ƙoshi, na ƙasa su mutu. Aka yi yaƙi shekara da shekaru, ana rushewa ana ginawa. Ranar da aka zauna sulhu aka rasa wanda kowa zai yarda da shi, sai wata mai kwasar tuwo da ta kawo wa taron abinci ta ce ita shekara talatin tana rabo a gida mai mutum hamsin, ba a taɓa cewa ta yi son kai ba, don kowa ya san cikinta ne zai biya. Aka ba ta ƙofar, ta kai 'ya'yanta ƙarshen layi da kanta. Daga nan sunan aikinta ya bi ƙofar, ya bi ginin, har aka wayi gari duk abin da ruwa ke bi ana ce masa jalwasa.

"Ka ji ma'ana," in ji Damsaka. "Yanzu yi gudu. Tulunan suna isa, amma kaɗan-kaɗan, kuma matarka ta ƙi sha."

Na isa unguwar ƙarshe rana tana tsaka. Gida arba'in ne a layi ɗaya, ana bi da tulu ƙofa-ƙofa, moɗa ɗaya ga kowane rai. A gidan ƙarshe na sami Tabawa kwance a kan tabarma, leɓunanta sun tsage, idanunta sun faɗa. Wata maƙwabciya da ke yi mata fifita ta gaya mini yadda aka yi. Ranar da ban ga hayaƙi ba, ruwa ya iso lafiya lau. Wani ayari ne ya faɗo daga hamada rabi a mace, Tabawa ta juye musu randarta. Tunda randar ba a cike take ba, ta ce ba za ta tada hayaƙin ƙarya ba, gobe ma rana ce. Yau kwananta uku rabon da ruwa ya wuce maƙogwaronta. Sau biyu maƙwabta suna kawo mata nasu, tana juya kai, tana cewa mijinta ne ke da babbar ƙofa.

Na ce, "Tabawa, don girman Allah ki sha. Ni na yi ɓarnar, ba ke ba."

Da ƙyar na ji muryarta. "Saura gida nawa?"

Na leƙa na ƙirga, saura tara. Na fizgi tulu daga hannun mai rabo na shiga gudu, ina cika moɗa ina miƙawa, ina roƙon tsofaffi su haɗiye da sauri, ina kuka kamar ba ni ne na yaudari damo ba. A gida na uku daga ƙarshe wata tsohuwa mai irin fuskar Kirfo ta karɓa, ta sa mini albarka, na kasa ɗaga ido in dube ta. Da na dawo wurin Tabawa abin da ya rage a tulun bai cika moɗa ba. Na tallafi kanta na kai mata baki. Ta sa hannu ta tare.

"Maigida, kana nan. Wa ka bar wa ƙofar?"

Na ce, "Wani mai lambu. Na kira shi ɓarawo, na fasa masa baki."

Ta ce, "Ka ƙirga allunan kafin ka ba shi?"

Sai a lokacin na tuna. Na ce, "Ban ƙirga ba."

Ta janye hannunta, ta sha.

Shekara biyu na yi a Gurmusa ina ɗaukar dutse a kai har ginshiƙan nan huɗu suka miƙe, kuma a wurin gyaran ɓarnata na koyi ginin da na kai Tudun Marke. Tabawa ta rayu, amma muryarta ba ta dawo daidai ba, har yau in tana magana sai na matso kusa na kasa kunne. Wannan shi ne abin da idona ya gani, ƙafata ta taka, hannuna ya ɓata. Wanda ya ji ya yarda, na gode masa, wanda kuma ya yi zargi, ba ni da bakin hana shi.